An shafa jan fenti a katangata, zan iya tsayar da aikin titi?

Tambaya: Lauya, ina da gida da shago a bakin titin Ngaundare zuwa Garuwa, kusa da Ngong. Mahaifina ya sayi filin da takardar jauro. Yanzu an shafa mana jan fenti a katanga. Ina so in kai kamfanin da ke aikin titin kotu, ya dakata sai ya biya ni kuɗin filina.

Amsa: Alhaji, ban ga takardunka ba, don haka abin da zan faɗa yana iya sauyawa idan na gan su. Amma tun farko, takardar jauro, ko da hatimin lamido a kanta, ba ta mallaka maka ƙasa a idon dokar Kamaru. Tun dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974, titir fonsiye, wato takardar mallakar fili da gwamnati ke bayarwa, ne kaɗai shaidar mallaka. Filin da ba shi da shi yana cikin ƙasar da gwamnati ke riƙe wa al'umma. Takardar mahaifinka tana da amfani, domin tana nuna daɗewarku a wurin, sai dai galibi ba za a biya ka kuɗin ƙasar kanta ba. Abin da ake lissafawa shi ne wahalar da kuka zuba: gini, rijiya, mangwaro, darbejiya, shuka. Itatuwa da amfanin gona ma suna da farashinsu a dokar 2003, ba ciniki ake yi ba.

Akwai kuma abin da na fi jin tsoro. Mita 40 daga tsakiyar babban titin ƙasa, hagu da dama, filin gwamnati ne, kodayake ana rage shi a cikin gari. In shagon ya faɗa ciki, hujjarka ta yi rauni sosai. Ka sa a auna maka da igiya kafin ka kashe ko dala.

Kamfanin kuwa ɗan kwangila ne kawai. Gwamnati ce ke karɓar fili bisa dokar 1985, kwamitin da furefe (wakilin gwamnati mai shugabantar gunduma) ke shugabanta ne ke ƙiyasta diyya, kuma da wuya kotu ta tsayar da aikin da aka ayyana na amfanin jama'a. Inda kake da baki shi ne adadin kuɗin. Za ka fara rubuta wa ma'aikatar filaye. In ba ka gamsu ba, wata ɗaya kake da shi ka je kotu. A ƙa'ida ana biya kafin a rusa, amma sau da yawa mutane na shekara suna jiran kuɗin da sunansu ya riga ya fito a kai, kuma ban ga uzurin wannan ba.

Ni dai da sulhu zan fara. Bankin Raya Afirka ya sa kuɗi a wannan titi, kuma ƙa'idojinsa sun tanadi tallafi har ga marasa titir, tare da hanyar kai koke. Ka tabbata sunanka na cikin jerin kwamitin, an ƙidaya kowace bishiya, ka ɗauki hotuna. Kada ka ƙara ko bulo ɗaya, ginin da aka yi bayan sanarwa ba a biyansa. Ku haɗu da maƙwabta ku rubuta koke guda ta hannun sufurefe (shugaban ƙaramar gunduma), a buga muku hatimin karɓa a kwafinku.