Awa 1,500 kaɗai ke sa a ɗauki matuƙin jirgi aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Zariya, na kammala horon tuƙin jirgin sama, ina da lasisin tuƙin kasuwanci da awa kusan 230 a sama. Burina in yi aiki da ƙananan kamfanonin jiragen Amurka, masu kwaso fasinja daga ƙananan garuruwa zuwa manyan filaye. An ce mini sai na tara awa 1,500 kafin su dube ni. Gaskiya ne? Me ake tambaya a intabiyu? Sannan akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: na taɓa faɗuwa jarrabawar tashi sau ɗaya. In faɗa ko in yi shiru?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a karatun. Abin da aka gaya maka gaskiya ne, amma sai ka san inda dokar ta samo asali za ka gane abin da masu tantancewa ke nema a jikinka, har da amsar tambayarka ta ƙarshe.

A daren 12 ga Fabrairun 2009, jirgin kamfanin Colgan Air mai lamba 3407, samfurin Q400, ya taso daga Newark zuwa Buffalo a Amurka. Yana dab da sauka gudunsa ya yi ta raguwa, matuƙan biyu ba su lura ba, har sitiyari ya soma karkarwa a hannun kyaftin. Wannan karkarwa gargaɗi ce cewa fuka-fukai na gab da kasa riƙe jirgi. Abin da ake koya wa ɗalibi tun makonninsa na farko shi ne ya sunkuyar da hancin jirgi, ya ƙara wuta. Kyaftin sai ya ja sitiyarin baya. Na'urar jirgin ta tura hancin ƙasa da kanta don ta cece su, ya sake ja. Jirgin ya faɗa kan wani gida, mutum 50 suka rasu, 49 a ciki, ɗaya a ƙasa.

Da aka bincika, sai aka tarar kyaftin ɗin ya faɗi jarrabawar tashi sau uku kafin ya zo kamfanin, amma guda ɗaya ya rubuta a takardar neman aiki. Mataimakiyarsa kuwa, 'yar shekara 24, daga Seattle, can ɗaya ƙarshen Amurka, ta kwana tana tafiya cikin jiragen kaya don ta zo ta kama aiki, albashinta bai kai dala 20,000 a shekara ba. Iyalan mamatan suka yi ta zarya a majalisar dokoki har aka yi doka a 2010, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fara aiwatar da ita a 2013. Da can awa 250 ta isa mutum ya zama mataimakin matuƙi. Yanzu sai da ATP, wato babban lasisin tuƙin jiragen kamfanonin sufuri: awa 1,500, a ciki 500 na tafiya tsakanin garuruwa, 100 na dare, 75 na tuƙi da na'urori kaɗai, kuma sai mutum ya kai shekara 23 da haihuwa. Akwai sassauci: tsohon matuƙin soja awa 750, mai digirin shekara huɗu a fannin jiragen sama daga makarantar da hukumar ta amince da ita 1,000, mai na shekara biyu 1,250. A 2022 kamfanin Republic ya roƙi a rage wa ɗalibansa zuwa 750, aka ƙi.

Ga abin da nake so ka riƙe. Duka matuƙan Colgan sun haura awa 1,500 a daren nan: kyaftin na da fiye da 3,300, mataimakiyar fiye da 2,200. A Turai kuma ana ɗora matashi mai awa 200 da 'yan kai a kujerar mataimakin matuƙi ta babban jirgi bayan horo mai tsanani. Ni a ganina yawan awa ƙofa kawai yake buɗe maka. Wanda ya shekara biyu yana zagaya fili ɗaya da rana tsaka cikin ƙaramin jirgi, ya tara lamba, amma wanda ya koyar da ɗalibai, ya ga yadda hannu ke rawa idan abu ya ɓaci, ya fi shi abin faɗa a gaban masu tantancewa. Shi ya sa yawancin matasa a can da koyarwa suke cika awoyinsu.

A intabiyun kanta, da littafin awoyinka ake farawa. Na sha ganin mai tantancewa ya buɗe shafin tsakiya, ya ɗora yatsa kan layi guda, ya ce, "Ba ni labarin wannan tafiyar." Idan jimillar shafi ba ta yi daidai da ta gaba ba, ko an goge an sake rubutu babu bayani, fuskarsa kan sauya tun kafin a kai ga sauran tambayoyi. Daga nan sai na fasaha: a miƙo maka taswirar sauka ka karanta, a ba ka rahoton yanayi ka fassara, a tambaye ka yaushe doka ta wajabta ka tanadi filin sauka na biyu. Akwai lissafin ka, misali kana ƙafa 30,000 ana so ka sauko 10,000, daga ina za ka fara gangarowa? Mil uku ga kowace ƙafa dubu, wato mil 60. Wasu kamfanoni kan sa ka cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, su ga ko kana karɓar gyara.

Inda aka fi zubar da mutane shi ne tambayoyin hali. Za a ce kyaftin ya girme ka da shekara 25, ya sauko ƙasa da iyakar da taswira ta yarda, ba a ganin titin sauka, me za ka yi? Mu da aka rena da kunyar manya, nan ne ya kamata mu yi wa kanmu faɗa. Amsar da ake jira ita ce ka faɗa da babbar murya cewa a fasa sauka, idan bai ji ba ka maimaita, idan ya ci gaba ka karɓi jirgin. Kawaici a wannan kujera na iya cin ran mutum saba'in.

To, batun faɗuwarka. Ka faɗa, tun kafin a tono. Ramin ƙarya ƙurarre ne a wannan sana'a, musamman yanzu. A Fabrairun 2019 jirgin kaya na Atlas Air ya faɗi kusa da Houston, aka gano mataimakin matuƙin ya ɓoye tarihin gazawarsa a wasu kamfanoni. Yanzu FAA na da rumbun bayanan matuƙa da dole kamfani ya duba kafin ya ɗauki kowa, kuma makarantarka ta gida wasiƙa ɗaya ta isa a tambaye ta. Faɗuwa sau ɗaya ba ta hana aiki. Matuƙa da yawa da ke tashi yau sun taɓa faɗuwa. Ka shirya bayaninka cikin minti biyu: abin da ka yi kuskure, ba tare da ɗora wa mai jarrabawa ko iska laifi ba, horon da ka ƙara, da yadda ka ci a karo na biyu.

Kafin duk wannan, akwai shingaye biyu da suka shafe ka kai da ke waje. Lasisinka na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, sai ka mayar da shi na FAA, ka kuma ci gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya. Sannan waɗannan kamfanoni galibi mai izinin aiki a Amurka suke ɗauka. Don haka ka fara neman inda za ka tara awoyi a nan gida, kowace tafiya ka rubuta ta a ranar da ka yi ta, malaminka ya sa hannu inda ya kamata.