Kogon da aka tarwatsa da izinin hukuma

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji a rediyo wai wani kamfanin haƙar ma'adinai ya sa nakiya ya tarwatsa wani kogo a Ostireliya, wanda aka ce mutane sun zauna a cikinsa tun shekara 46,000 da suka wuce. To wa ya ƙirga shekarun? Kuma wa aka ɗaure a kan wannan ɓarna?
Mai karatu daga Gusau

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Bari in fara da tambayarka ta biyu, don ita ce ta fi ci mini rai. Ba a ɗaure kowa ba, saboda ba a karya doka ba.

Kogunan biyu ne ma, a kwazazzabon Juukan da ke yankin Pilbara, a jihar Yammacin Ostireliya. Wurin na al'ummar Puutu Kunti Kurrama da Pinikura ne, cikin 'yan asalin ƙasar da Turawa suka zo suka tarar. Kamfanin Rio Tinto yana haƙar tama a gefen wurin, yana kuma son faɗaɗa ramin. A 2013 ya samu izinin gwamnatin jihar, ƙarƙashin sashe na 18 na wata dokar kayan tarihi ta 1972, cewa zai iya rushe kogunan.

Sai a 2014, bayan an riga an ba da izinin, masu binciken tarihi ƙarƙashin jagorancin Michael Slack suka shiga tona ƙasan kogon don kwashe abin da za a iya kwashewa. Kaya wajen 7,000 suka fito. Akwai duwatsun niƙa. Akwai ƙashin ƙafar kangaru, wata dabbar dajin Ostireliya, da aka feƙe ya yi tsini, mai shekara 28,000. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani guntun ɗamara da aka kitsa da gashin mutane, mai kimanin shekara 4,000. Da aka yi masa gwajin ƙwayoyin halitta, sai ga shi ya dace da na mutanen da ke raye a yankin yau. Gashin kakanninsu ne, ba wai-wai ba.

Batun ƙirga shekaru kuwa, ba duba ake yi ba. Duk abin da ke da rai yana ɗauke da wani sinadari da ake kira kabon 14. Da zarar ya mutu sai sinadarin ya fara raguwa, rabinsa na tafiya duk bayan shekara 5,730. Idan aka ɗebo gawayi daga tsohon murhu a ƙarƙashin ƙasa aka auna abin da ya rage, za a san lokacin da aka sare itacen. Wannan awo yana aiki har zuwa wajen shekara 50,000. Ƙasar kogo kuma hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama.

Ka ga an gano darajar wurin, amma dokar ba ta bar ƙofar komawa baya ba. Ba ta ce a sake duba izini idan sabon bayani ya fito ba. A lokacin, kamfani na da damar ɗaukaka ƙara idan an hana shi, masu wurin kuwa ba su da ita idan an ba shi. Sai ranar 15 ga Mayun 2020 suka ji cewa an riga an dasa nakiyoyi, lokacin da suka nemi shiga wurin. Suka yi ta roƙo, aka ce musu cirewa na da haɗari. Ranar 24 ga watan aka tayar.

Abin da ya fi ɓata wa mutane rai ya fito ne a gaban kwamitin majalisar tarayyar Ostireliya. Kamfanin da bakinsa ya ce tsari huɗu yake da su na faɗaɗa ramin, uku ba za su taɓa kogunan ba. Ya zaɓi na huɗun don ya kai ga tan miliyan 8 na tama mai kyau. Kai da kake Zamfara, ba sai na tsaya yi maka bayanin yadda ma'adinai ke rufe wa mutum ido ba.

Masu hannun jari ne suka yi hukuncin da kotu ba ta yi ba. A Satumbar 2020 aka sanar cewa shugaban kamfanin, Jean-Sébastien Jacques, zai sauka tare da wasu manya biyu. Jihar ta yi sabuwar doka da ta fara aiki 1 ga Yulin 2023, manoma da masu filaye suka yi ca a kanta, bayan mako biyar kacal gwamnati ta ce ta janye ta. Aka koma ga ta 1972 da 'yan gyare-gyare: yanzu 'yan asalin na iya ɗaukaka ƙara, kuma dole mai izini ya sanar da hukuma idan an tono wani sabon abu.