Ƙanwata ta buɗe wayata da fuskarta, kuɗina na cikin haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na saita wayata Android ta riƙa buɗewa da fuskata. Jiya ƙanwata ta ɗauka tana dubawa, sai kawai ta buɗe mata, ga kuma manhajar bankina a ciki. In cire tsarin ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Eh, ki cire shi a wannan wayar yau ɗin nan.

Yawancin wayoyin Android masu sauƙin kuɗi da kyamarar gaba kaɗai suke gane mutum. Ba sa auna tudun hanci ko zurfin ido, shi ya sa mai kama da ke ke iya yaudararsu, wani lokacin ma hotonki da aka buga a takarda ya wadatar. A 2023 ƙungiyar kare masu sayayya ta Which? a Birtaniya ta gwada wayoyi 48, 19 daga ciki suka buɗe da hoto.

Face ID na iPhone, wanda ya fito a 2017, ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba. Yana watsa ɗigon hasken da ido ba ya gani sama da 30,000 a fuska ya auna siffarta. Duk da haka Apple da kansa ya yi gargaɗi game da tagwaye, 'yan'uwa masu kama da juna, da yara 'yan ƙasa da shekara 13.

Ni dai abin da ya fi tayar min da hankali ba ƙanwarki ba ce, masu ƙwacen waya ne. Lambar sirri a cikin kanki take, fuska kuwa a fili. Wanda ya fizge wayar a cikin adaidaita sahu zai iya ɗaga ta saitin fuskarki, kafin ki gama salati ta buɗe. Wasu wayoyin ma ko kina barci buɗewa suke, in ba a kunna musu sharaɗin buɗe ido ba.

Ki koma ga zanen yatsa da lamba mai alƙaluma shida, kada ta zama ranar haihuwarki. Ta manhajar banki ta zama daban. Don Allah kuma ki sa wa layinki PIN, domin ɓarawo kan zare layin ya sa a wata waya, ya nemi shiga asusunki ta lambobin USSD, irin waɗanda ake dannawa da * da # don hulɗa da banki, ko da wayar taki na kulle.