Bawul ɗin ruwa yana ɗiga: amsa ga ƙanena mai shirin tahowa karatu

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma ji daɗin jin takardun makarantarka sun kusa kammala, Allah ya sa a yi a sa'a. Ka ce an gaya maka a ƙasashen nan, irin su Ingila da Amurka, kowa shi ne mai gyaran gidansa, ga shi kuma bawul ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wankenku, wato abin da ake murɗawa a buɗe ko a rufe ruwan bututu, ya fara ɗiga, kana so ka fara koyo da shi kafin ka taho. Tambayarka ita ce ko mutum zai iya da hannunsa, ko dole sai an kira mai gyaran famfo.

Za ka iya, sau da yawa ma aikin na 'yan mintuna ne. Amma ga sharaɗin da ba na so ka tsallake: kada ka ɗora sifana a kan wani bawul sai ka san inda babbansa yake, wanda ke tsayar da ruwan gidan gaba ɗaya, ka kuma gwada shi ka ga yana aiki. Ruwan da ke cikin bututu ba a kwance yake ba, a matse yake. A gidan da ke shan ruwan gari kai tsaye, ƙarfinsa yakan kai kamar na ruwan da ya sauko daga tankin da aka ɗora mita 30 zuwa 40 a sama. Idan tsohon noti ya tsage a hannunka, ɗigon zai koma feshi nan take, kuma ba a wannan lokaci ne za ka ɗauki tocila ka fara neman inda ake kashe ruwa ba.

Babban bawul yana kusa da inda bututun ruwa ya shigo gida. A Ingila an fi samunsa ƙarƙashin wurin wanke-wanke na kicin, a Amurka kuwa sau da yawa yana ɗakin ƙasa ko gareji, dab da mitar ruwa. In ka same shi, ka murɗa ta yadda hannun agogo ke tafiya har ya tsaya, sannan ka buɗe famfon kicin. In ruwan ya ragu ya ɗauke, ka samu madogara. In ya ci gaba da zuba, ko kuwa bawul ɗin ya ƙi motsi, to a nan aikinka ya tsaya, sai an kira mai sana'ar. Kuma ka lura da kyau kada ka rikita bututun ruwa da na gas. Na gas galibi mariƙinsa rawaya ne, shi kuwa ba abin koyo ba ne sam.

Bayan haka sai binciken inda ruwan ke fitowa, kuma nan ne mutane suka fi gaggawa. Ɗigon da ka gani a ƙasan bawul ba lallai daga nan ya fito ba, ruwa yana bin jikin ƙarfe ya gangara ya taru a inda ya fi ƙasa. Ka goge bawul ɗin da bututun tas da busasshen tsumma, ka ɗauki takardar tishu ka riƙa taɓa kowace mahaɗa daga sama zuwa ƙasa. Inda ta fara jiƙa mafi sama, nan ne ciwon. Wani lokaci ma babu yoyo ko kaɗan: bututu mai sanyi a ɗaki mai ɗumi yana yin gumi, sai ka ga laima ta lulluɓe shi ko'ina ba daga wuri ɗaya ba. Wannan sutura yake buƙata ta soso ko roba, ba sifana ba.

Daga yadda ka kwatanta, naku irin wanda ake murɗa mariƙinsa sau da dama ne kafin ya rufe. Ga yadda cikinsa yake. Mariƙin yana haɗe da wata sandar ƙarfe da ta shiga cikin bawul ɗin, a ƙarshenta akwai washa ta roba. In ka murɗa, sandar tana sauka ta danne washar a bakin ramin da ruwa ke bi, sai ya tsaya. Amma sandar kanta ta ratsa jikin bawul ɗin ta fito waje, kuma wannan ƙofa ce ta biyu da ruwa zai so ya bi. Don toshe ta aka kewaye sandar da wani ciko, zoben roba ko zare mai maiƙo, aka kuma ɗora ƙaramin noti mai kusurwa shida a kansa, daf da bayan mariƙin, yana matse shi. Bawul ɗin da ya shekara biyar ko goma ba a taɓa shi ba, cikon nan yakan bushe ya ƙanƙance. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce lafiya lau yake sai ranar da ya rufe shi don gyara wani abu, yana buɗewa ya fara ɗiga.

In daga bayan mariƙin ruwan ke tsattsafowa, maganin yana jikin wannan ƙaramin noti. Ka riƙe jikin bawul ɗin da hannu ɗaya ko da filaya, don kada ƙarfin murɗin ya koma kan bututu. Ka sa sifana mai daidaita baki, ka matse ta ta zauna a kan notin sosai, sannan ka juya shi ta hanyar agogo kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye. Ka goge, ka jira, ka duba. In bai daina ba ka ƙara irin haka sau ɗaya. Kada ka wuce kwata na zagaye gaba ɗaya. Notin na tagulla ne, yana da laushi, a wasu ma roba ce, kuma in ka matse shi fiye da kima ko dai ya tsage ko ya shaƙe sandar mariƙin ya daina juyawa. A irin wannan aiki mai ƙarfin hannu ya fi mai raunin hannu ɓarna.

In ɗigon ya nace, cikon ya mutu, sai an sake shi. Yanzu ne za ka rufe babban bawul, ka buɗe famfon da ya fi kowanne ƙasa a gidan da wani na sama, don ruwan da ya saura a bututu ya tsiyaye. In akwai hitar ruwa ta lantarki ka kashe ta tukuna, domin ƙarfen da ke dafa ruwan yana ƙonewa in ya yi aiki a bushe. Ka shimfiɗa tsumma, ka ajiye kwano a ƙasa. Ka kwance sukurun da ke tsakiyar mariƙin, ka zare mariƙin, ka kwance ƙaramin notin gaba ɗaya. Ina ba ka shawara ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire kowane abu, saboda mayarwa. In zoben roba ka tarar, ka tafi da tsohon a hannunka wurin sayen sabo, don girmansu ya sha bamban kuma ido yana yaudara. In zare ne, ka ƙwaƙule tsohon, ka naɗa sabon zaren ciko zagaye biyu ko uku a jikin sandar ta hanyar agogo, ka tura shi ciki da bakin sukudireba a hankali. In ba ka samu zaren ba, farin tef ɗin famfo na Teflon yana maye gurbinsa: ka murza shi tsakanin yatsu ya zama kamar igiya, ka naɗa. Ka mayar da notin da hannu har ya tsaya, ka ɗan ƙara da sifana, ka mayar da mariƙi. Sai ka buɗe babban bawul sannu a hankali, famfo a buɗe, iska ta gama tari ta fita kafin ka rufe.

Wuri na biyu da ake samun yoyo shi ne mahaɗar bawul da bututu. A bututun jan ƙarfe galibi akwai babban noti, a ƙarƙashinsa kuma zoben tagulla da ke cije bututun in an ɗaure. Zoben ne ke tare ruwa, ba tiredin notin ba (wato layukan murɗin da ke cikinsa), don haka naɗa farin tef a kan tiredin ɓata lokaci ne. Sifana biyu za ka sa, ɗaya ta riƙe bawul, ɗaya ta ƙara wa notin kwata na zagaye. Tef yana da amfani ne a inda ƙarfe mai tiredi ya shiga cikin ɗan'uwansa kai tsaye. Siririn tiyon da ya tashi daga bawul zuwa famfo ko tankin bayan gida kuwa washa ce a bakinsa, in ta ci sai a canza ta ko a canza tiyon.

Akwai cuta ta uku wadda ba ta jiƙa ƙasa: ka rufe bawul har ƙarshe amma famfo bai daina zuba ba. Washar ciki ce ta lalace, ko farin dattin ruwa ya daskare a bakin ramin. Ana iya canza washar, amma ni a ganina in bawul ya kai nan gara a sauya shi da irin na zamani, wanda kwata ɗaya na zagaye ke rufe shi. A cikinsa ƙwallon ƙarfe ne mai huda. In mariƙin ya bi layin bututu a buɗe yake, in ya gitta shi a rufe. Yana jure zama ba tare da maƙalewa ba fiye da tsohon salo. Kafin ka saya ka san awon bututunka: a Ingila milimita 15 da 22 ne aka fi yi a gidaje, a Amurka rabin inci da inci uku bisa huɗu, kuma na wannan ba ya zama daidai a kan na wancan. In tsohon bawul ɗin da dalma aka like shi a wuta, ko bututun baƙin ƙarfe ne da tsatsa ta ci, kada ka fara. Haka in ka ga bututu mai launin toka, mai laushi, da ke sheƙi in an karce shi: na dalma ne, a Amurka sai 1986 aka hana sa shi a ruwan sha, kuma tsofaffin gidaje da yawa har yanzu suna da shi. In kuma ka ga waya ɗaure a jikin bututu da wani maɗauri, ta kariyar lantarki ce, ba a cire ta.

Sai maganar cewa kowa mai gyaran gidansa ne. Gaskiya ce ga mai gida. Kai kuwa ɗan haya za ka zama, ko mazaunin ɗakin makaranta, kuma wannan ya canza lissafi. A Ingila dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ta ɗora wa mai gida nauyin gyaran kayan ruwa, kuma a ƙasashe da dama hakan take ko kusa da haka. Naka shi ne ka sanar da wuri, a rubuce, da hoto da kwanan wata. In ka yi shiru har katakon ƙasa ya ruɓe, ko ka kwance abu ruwa ya sauka a kan maƙwabcin ƙasa, ana iya ɗora maka asarar, a cire daga kuɗin ajiyar da ka ba mai gida lokacin kama haya. Gidajen nan da yawa ƙasansu katako ne, silin ɗinsu allon filasta, ba sa jure laima. Kada kuma ka raina ɗigo: hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da galan 3,000 a shekara, sama da lita 11,000 ke nan. Don haka a gidan haya iyakarka ita ce ɗan matse ƙaramin notin nan, ajiye kwano, rufe ruwa in ya yi yawa, da kiran mai gida. Bawul ɗin da ke waje a ƙarƙashin murfi a bakin titi kuwa na kamfanin ruwa ne, su ake kira.

Duk da haka ka koyi aikin yanzu a kan na gida, don ranar da bututu zai fashe da tsakar dare babu mai zuwa cikin minti goma. Ranar da aka miƙa maka makullin ɗaki, tun mai gidan ko wakilinsa yana tsaye, ka ce ya nuna maka babban bawul, ka murɗa shi a gabansa. In irin na murɗi da yawa ne, bayan ka buɗe shi har ƙarshe ka mayar da shi baya rabin zagaye, hakan yana hana shi maƙalewa, kuma ka riƙa rufe shi kana buɗewa sau ɗaya ko biyu a shekara. In ƙasar sanyi ce, ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, ya isa ya tsaga bututun jan ƙarfe, kuma ba a ganin ɓarnar sai ƙanƙarar ta narke. Duk lokacin da za ka yi tafiyar hutu a hunturu, ka rufe babban bawul, ka tsiyaye famfuna, ka bar ɗumin ɗaki a kunne ƙasa-ƙasa.

Kafin ka taɓa naku, turo min hotonsa daga gefe, yadda zan ga mariƙin da notin da bututun da ya shiga bango, in gaya maka girman sifanar da za ka nema. Ka gaida mutanen gida duka.