Ranar Tawul da tunawa da Douglas Adams

Tambaya: Malam, me ya sa wasu Turawa ke yawo da tawul ranar 25 ga Mayu?

Amsa: Suna tunawa ne da Douglas Adams, marubucin Ingila mai ƙagaggun labaran sararin samaniya, wanda ya rasu ranar 11 ga Mayu 2001 yana ɗan shekara 49. Mako biyu da rasuwarsa masoyansa suka fara al'adar, domin littafinsa The Hitchhiker's Guide to the Galaxy ya fifita tawul a kan duk kayan matafiyi. Tawul ɗaya ya isa, a rataya a kafaɗa har yamma.

In kana son sanin labarin littafin, kada ka fara da fim ɗinsa na 2005, ya datse labarin sosai. Fara da wasan rediyon BBC na 1978, sannan littafin 1979.