Daga kujerar alƙali zuwa lauyan gwamnati

Malam, ka tambaya ko ci baya ne alƙalin tarayya a Amurka ya bar kujerarsa ya koma lauyan gwamnati. A ganina, sam ba haka ba ne. Dubi Thurgood Marshall. Shugaba Kennedy ya naɗa shi alƙalin kotun ɗaukaka ƙara da ke New York a 1961, kujerar da ake zama a kai har ƙarshen rayuwa. A 1965 Shugaba Johnson ya neme shi, ya tuɓe rigar alƙalanci ya zama mai kare gwamnati a gaban Kotun Ƙoli, baƙar fata na farko a wannan muƙami. Ka ga ya saki tabbas ya kama aikin da shugaba ke iya sallamarsa kowace rana, abin da ke burge ni ke nan. Cikin shari'u 19 da ya tsaya, ya yi nasara a 14. A 1967 ya zama alƙalin Kotun Ƙolin, ya zauna har 1991.