Targaɗen idon sawu: me zan saya, me zan bari?

Tambaya: Malam, jiya ina buga ƙwallo ƙafata ta gurɗe, idon sawun ya kumbura har ya yi baƙi. Abokai sun ce in nufi mai ɗori, mai kemis kuma ya jero mini man zafi da bandeji da wata safar ƙafa mai igiya. Kuɗin hannuna kaɗan ne. Da wanne zan fara? Daga wani matashi a Zariya.

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin ka taɓa aljihu, gwada ƙafar. Za ka iya taku huɗu, ko da ɗingishi? Sannan danna bayan ƙashin idon sawun, na ciki da na waje, da ƙashin gefen ƙafa da ke layin ƙaramin yatsa. In takun ya gagara, ko ƙashin kansa ke zafi, to kuɗin nan na ɗaukar hoto ne a asibiti. Likitocin birnin Otawa na Kanada ne suka fito da wannan gwaji a 1992.

In ka tsallake, galibi targaɗe ne: jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi suka ja ko suka ɗan yage. Babu abin da ya goce balle a mayar da shi, shi ya sa ban goyi bayan ja da murza ba. Fama rauni ne kawai.

Man zafi ma bar shi a kemis tukuna. A kwana biyu zuwa uku na farko, zafi da gashin ruwa suna ƙara kumburi. Abin da kake buƙata ya fi komai araha: ledar ruwa mai ƙanƙara, a naɗe cikin tsumma, minti 15 zuwa 20, bayan kowane awa biyu ko uku. In ka kwanta, ɗora ƙafar kan matashi. Bandeji kam saya, amma kada ka ɗaure tamau. In yatsu suka yi sanyi ko suka dena jin taɓi, sassauta. Farasitamol ya isa ga raɗaɗi. Mai olsa ya nisanci ibufurofen da dangoginsa.

Zaman tahiya yana lanƙwasa gaɓar daidai inda ta ji ciwo, don haka yi sallarka a kujera na 'yan kwanaki.

Safar mai igiya ba ta yau ba ce. Ranar komawa fili za ta yi maka amfani, kuma ƙaramin targaɗe kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, babba kuwa mako shida ko fiye.

Tambaya: Sau uku ke nan ƙafata ɗaya tana gurɗewa a bana. Wane takalmi zan saya? Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

Amsa: Malama, ajiye mai tsini da silifas ɗin da ya cinye ta gefe, ki nemi mai faɗin dunduniya da ke riƙe ƙafa. Sai dai takalmi kaɗai ba zai raba ki da wannan ba, gaɓar ce ba ta dawo da ƙarfinta ba. Kullum ki tsaya da ƙafar ita kaɗai na daƙiƙa 30 kusa da bango, sau uku. In kin saba, ki rufe ido. In bayan mako shida tana ci gaba da kucce miki, ki ga likitan ƙashi.